Alamar NFC da yadda ake amfani da ita a wayar salula

NFC hanya ce ta musayar bayani tsakanin na'urori biyu da ke dab da juna, tazarar kamar santimita 4. Nokia da Philips da Sony ne suka kafa ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojinta a 2004.

Alamar kanta 'yar takarda ce mai mannewa, ko kati. Ba ta da batir. Wayar da aka kara mata ce ke ba ta wuta. Cikinta kaɗan ne: samfurin NTAG213 bayit 144 yake ɗauka, NTAG215 kuma 504. Ya ishi lambar waya ko adireshin shafi, ban da hoto.

Don rubutawa, a kunna NFC a saitin waya (ƙananan wayoyi da yawa ba su da shi), a buɗe manhaja irin NFC Tools, a shigar da bayanin, a ɗora bayan wayar a kan alamar. Ƙarfe yana hana ta aiki. In aka kulle ta, ta kullu har abada. In ba a kulle ba, kowa yana iya sauya abin da ke ciki, har lambar asusun da ɗan kasuwa ya manna a shagonsa.

Karanta rubutun da ke ciki ba ya buƙatar intanet. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurare irin Um Rakuba ta jihar Gadarif, ganin yadda sadarwa ta katse a Sudan a Fabrairun 2024.

Katin banki na taɓawa ma wannan fasahar yake amfani da ita. A Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade irin wannan biya: naira 15,000 a karo ɗaya, 50,000 a rana.