Tallafin Gwamnati ga Masu Jinyar Tsofaffi: Nazari Daga Unguwar Lazaret ta Yamai

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta tsare-tsaren Birtaniya, Jamus da Japan da abin da ke akwai a Jamhuriyar Nijar, ta hanyar bitar dokoki da manufofin hukuma. Ta gano cewa tallafin Nijar yana bin sawun tsohon ma'aikaci ko matalaucin gida, bai san mai jinya ba.

Gabatarwa

A lokacin fari na 1973 zuwa 1974, a Lazaret aka kafa sansanin da ya karɓi dubban makiyaya waɗanda dabbobinsu suka ƙare. Hukuma da ƙungiyoyin agaji sun ga wannan buƙata domin ta taru a fili ɗaya, ana iya ƙirga ta. Yau Lazaret unguwa ce cike da gidaje, kuma buƙatar da ke cikinta ta shige ɗaki: tsoho da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar, da 'yarsa ko surukarsa da ta ajiye sana'arta don ta juya shi, ta yi masa wanka, ta dama masa kunu. Tambayar binciken ita ce, me gwamnati ke bai wa wannan mata?

Yadda Wasu Ƙasashe Suka Yi

Birtaniya ta fara biyan mai jinya kai tsaye a 1976, amma ta ware matan aure a kan zaton cewa jinya aikinsu ne tun asali, har sai da kotun Turai ta rushe wannan sharaɗi a 1986. A shekarar kuɗi ta 2024/25 alawus ɗin fam 81.90 ne a mako, ga wanda yake jinya awa 35 ko fiye. Jamus ta kafa inshorar jinya a 1995: tsoho yana iya karɓar kuɗi a hannu ya sallami ɗan'uwan da ke kula da shi, asusun kuma yana zuba wa mai jinyar kuɗin fansho.

Japan ce ta fi dacewa a tsaya a kanta. Da ta kafa tata inshorar a 2000, ta ƙi ba iyali kuɗi, ta zaɓi aika ma'aikata gida da buɗe cibiyoyin yini. Masu fafutukar haƙƙin mata ne suka yi tsayin daka, suna cewa kuɗin zai ƙara ɗaure suruka a gidan iyayen mijinta. Duk wanda ya san zaman gandu a ƙasar Hausa zai gane abin da suke tsoro. Kuɗin da aka miƙa wa maigida ba lallai ne ya kai hannun wadda ta kwana tana fifita ba.

Halin da Ake Ciki a Nijar

Fansho a Nijar yana fitowa daga asusun CNSS na ma'aikatan kamfanoni da CARENI na ma'aikatan gwamnati. Dukansu sai wanda ya yi aikin albashi. Mai tebur, birkila, mai tallan ƙosai, ko manomin da ya tsufa ya dawo wurin ɗansa a birni, ba su cikin lissafi, alhali su ne mafi yawa. Manufar ƙasa ta kare al'umma ta 2011 ta ambaci tsofaffi, kuma a shekarar ne shirin Filets Sociaux ya soma da tallafin Bankin Duniya, yana ba gidaje matalauta jika goma na sefa a wata har tsawon shekara biyu, galibi a hannun mata. Sai dai ma'auninsa talauci ne, kuma ƙarfinsa a karkara yake. Kyautar magani ta 2006 ta shafi yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa. A wannan shekarar Senegal ta ɓullo da Plan Sésame na kula da lafiyar 'yan shekara 60 zuwa sama kyauta, ko da yake jinkirin biyan asibitoci ya raunana shi.

Ana yawan kafa hujja da cewa kula da iyaye wajibi ne na addini, ba a biyan ɗa don ya yi wa mahaifi biyayya. Gaskiya ne, kuma mai wannan bincike bai ga laifin wannan tarbiyya ba. Amma wajibin bai hana jinyar cinye jarin mace ba, bai kuma tanadar mata komai ba ranar da nata tsufan zai zo.

Shawara

Alawus irin na Birtaniya ya fi ƙarfin baitulmalin Nijar a yanzu. Abu biyu dai suna yiwuwa: a sanya jinyar tsoho kwantacce cikin ma'aunin zaɓen gidajen da ake tallafa wa, har a unguwannin birni, a biya mai jinyar da sunanta, sannan a rage wa tsofaffi kuɗin maganin hawan jini da ciwon sukari a asibitocin unguwa. Matakin farko shi ne ƙidaya. Muna kira ga hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, da ta sanya tambayar wane ne ke jinyar tsohon gida, awa nawa a rana, cikin bincikenta na gidaje mai zuwa.