Kano Pillars da filin wasa na Sani Abacha

Kano Pillars, wadda magoya bayanta ke yi wa kirari da "Sai Masu Gida", ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce mallakar gwamnatin Jihar Kano. An kafa ta a shekarar 1990, bayan haɗe ƙungiyoyi uku: WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. Ana gane ta da launin rawaya da kore.

Nasarori

Ƙungiyar ta lashe gasar Firimiyar Najeriya sau huɗu: a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar Zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta taka mata birki. A 2019 kuma ta ɗauki kofin Aiteo a Kaduna, bayan doke Niger Tornadoes a bugun fanareti. Cikin fitattun 'yan wasanta akwai Ahmed Musa da Rabi'u Ali, wanda aka fi sani da Pele.

Filin wasa

Gidan Pillars shi ne filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, mai ɗaukar 'yan kallo kimanin 16,000. Ya karɓi baƙuncin wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, da Kofin Nahiyar Afirka a 2000, da gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009.

Ranar wasa, jama'a kan yi dafifi daga unguwannin birni da kasuwanni irin su Kantin Kwari da Singa, har da Dawanau da ƙauyukan da ke kan hanyar Katsina. Wannan goyon baya ya taimaka wa ƙungiyar ta shafe shekara 12 ba a ci ta a gida ba a gasar Firimiya, kafin Nasarawa United ta karya lagon a 2015.

Faɗuwa da dawowa

Sai dai taron da ke ɗaga ƙungiyar ya taɓa zame mata alaƙaƙai. A Afrilun 2022, hargitsi ya ɓarke a wasanta da Katsina United. Hukumar gasar ta ci ta tara, ta zaftare mata maki uku, ta kuma mayar da wasanninta na gida Abuja. A ƙarshen kakar, Pillars ta faɗa gasar rukuni na biyu, wato NNL, sannan ta dawo Firimiya a 2023.

Irin wannan hukunci ba ƙungiyar kaɗai yake shafa ba. Duk ranar da aka rufe ƙofar filin, kuɗin tikiti kan tsaya, masu sayar da abinci da riguna da 'yan adaidaita sahu da ke samu a bakin Ƙofar Mata su ma su koma gida hannu rabbana.