Unguwar Gudu da Tarihin Sauya Amfanin Filaye a Abuja

Gudu na ɗaya daga cikin unguwannin kashi na biyu na birnin Abuja, tare da Durumi da Wuye da Jabi da Utako da Mabushi. A taswirar filaye ta gwamnati lambarta B01. Kafin zuwan babban birni, yankin ƙasar noma ce ta Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, a ƙarƙashin masarautar Abuja ta dā, wato Suleja ta yau.

Dokar soja mai lamba 6 ta ranar 3 ga Fabrairu, 1976, wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa, ita ce ta samar da Birnin Tarayya da hukumar raya shi, FCDA. Dokar ta danƙa dukan ƙasar yankin a hannun gwamnatin tarayya. Wannan ne ya sa, ko da yake Gudu na cikin ƙaramar hukumar birni ta AMAC, ba ita ke raba fuloti ko sauya amfaninsa ba. Ikon yana hannun ministan Abuja da ma'aikatun da ke ƙarƙashinsa.

A 1979 kamfanin International Planning Associates ya miƙa babbar taswirar birnin. Taswirar ta ware wa kowace unguwa wurin gidajen zama, da cibiyar kasuwanci, da makarantu, da asibiti, da wuraren ibada, da filayen shan iska. Kowace takardar mallakar fili tana ɗauke da abin da aka ba da filin dominsa. Da wannan lissafi aka auna faɗin tituna, da bututun ruwa, da magudanai, da ƙarfin wutar lantarki.

Bayan gwamnati ta taso daga Legas a ranar 12 ga Disamba, 1991, jama'a suka kwararo fiye da yadda aka shirya. Gudu ta yi suna da rukunin gidajen 'yan majalisa na Apo, da kasuwar Gudu, da maƙabartar da aka binne Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, a watan Afrilun 2020. A zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo aka daina bai wa jami'ai gidan gwamnati, aka koma ba su kuɗin haya, aka kuma sayar da gidajen, har da na 'yan majalisa. Da gida ya zama mallakar mutum, sai lissafin riba ya shigo, domin hayar ofis ko otal ta fi ta iyali tsoka. A faɗin birnin, gidaje da yawa suka rikiɗe suka zama shaguna da makarantu da masaukin baƙi.

A ƙa'ida, mai son sauya amfanin filinsa zai rubuta takardar nema. Sashen tsara birane ya duba ko sauyin ya dace da taswira, sashen kula da gine-gine ya duba zanen ginin, sannan minista ya amince ko ya ƙi. Dokar tsara birane ta 1992 ta hana fara gini ba tare da izini ba, ta kuma tanadi kotun sauraron ƙararrakin tsara birni. Sai dai da yawa kan fara sauyin tukuna, su nemi izini daga baya.

Koken maƙwabta kusan iri ɗaya ne a ko'ina: ƙarar janareta da kiɗa cikin dare, motocin baƙi da ke tare ƙofar gida, shara, toshewar magudanai, da dogon bene da ke leƙa tsakar gidan mutane. Yawanci ƙungiyoyin mazauna ne ke kai ƙorafi a rubuce, kuma sau da yawa sai sun ga an fara fasa katanga suke sanin abin da ake ciki.

Matakin gwamnati ya sha sauyawa. Malam Nasiru el-Rufa'i, minista daga 2003 zuwa 2007, ya ɗauki hanyar rusau, a zamaninsa kuma aka kafa hukumar AGIS domin adana bayanan filaye a kwamfuta. Daga baya aka fi karkata ga cin tara. A 2025 Minista Nyesom Wike ya amince a halasta sauyin da aka riga aka yi a wasu tituna na Wuse II da Maitama da Garki da Asokoro, bisa sharaɗin biyan tarar naira miliyan 5 da kuɗin sauyi.

Wannan tarihi ya nuna cewa taswirar 1979 ba za ta tsaya yadda take ba, tunda birni yana girma. Amma tara tana shiga asusun gwamnati ne, ba ta rage wa maƙwabci ƙarar janareta. Hanyar da za ta kare Gudu ita ce a sanar da maƙwabta kowace buƙatar sauyi, a saurare su, a auna ƙarfin titi da ruwa da magudana, kafin minista ya sa hannu.