Daga Awon Ciki zuwa Arba'in: Cikas ga Kare Jarirai daga Ƙwayar Cutar Sida a Gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela

Tsakure

Maƙalar ta duba abubuwan da ke kawo cikas ga shirin hana jarirai ɗaukar ƙwayar cutar sida daga uwayensu a karkarar gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela na jihar Tawa. An dogara da alƙaluman binciken ƙasa kan al'umma da lafiya da ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya, aka auna su da tsarin zaman iyali a yankin. An lura cewa shirin ya fi yin rauni bayan gwaji, lokacin da mace ta koma gida da sakamako.

Gabatarwa

Idan ba a ɗauki mataki ba, kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari na jariran da uwayensu ke ɗauke da ƙwayar kan kamu, ko a ciki, ko wurin haihuwa, ko ta nono. Da magani adadin yakan sauka ƙasa da kashi 5. A Nijar, binciken 2006 ya nuna kashi 0.7 na manya ke ɗauke da ita, na 2012 kuma kashi 0.4. Wannan ƙaranci yana da tasa illa: wadda aka samu da ƙwayar a ƙauye sau da yawa ba ta san wata irinta da za ta kai wa kukanta ba.

Tun 2006 awon ciki kyauta ne. Duk da haka binciken 2012 ya nuna kashi 83 na masu ciki sun je awo aƙalla sau ɗaya, kusan ɗaya cikin uku ne suka cika sau huɗu, kimanin kashi 30 kuma suka haihu a likita.

Tattaunawa

Cikas na farko shi ne faɗa wa miji. Maganin na kullum ne, gidan kuma na yawa. Mace mai kishiya da uwar miji a tsakar gida ɗaya takan ɓoye kwalbar a ƙasan kwanukan jere, ta sha sai in ido ya kau. Wadda ke tsoron saki da gorin “ita ta kawo mana” ba jahilci ne ya hana ta shan magani ba, kuma kuskure ne a ci gaba da yi mata maganin tsoro da wayar da kai.

Cin rani ya ƙara dagula lamarin. Jihar Tawa ta yi suna wajen tafiya biɗa, zuwa Najeriya, Abijan ko Libiya. Miji ba ya nan lokacin da za a gwada shi, sai gab da damina ya dawo. Matar da gwajin farko ya nuna lafiya lau tana iya kamuwa daga baya, sabon kamu kuwa ya fi saurin kaiwa ga jariri saboda yawan ƙwayar a jini. Shi ya sa maimaita gwaji a ƙarshen ciki da lokacin shayarwa ya zama tilas a nan.

Ita ma macen ba wuri ɗaya take zaune ba. Mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, takardunta na can cibiyar da ta fara awo. Iyakar Ƙonni da Illelar Sakkwato (daban take da ta Nijar) a ƙafa ake ratsa ta, asibitin Galmi da ke gundumar Malbaza kuma yana karɓar marasa lafiya daga nesa. In ungozoma ta karɓi haihuwa a ɗaki, da wuya jariri ya sami maganin ruwa na nevirapine da ya kamata a soma ba shi da zarar ya faɗo. Ga kuma ruwa da rubutu da ake ɗura masa, alhali nono zalla na wata shida ya fi gauraya aminci. Uwar da ta hana, sai kaka ta tambayi dalili.

Gwajin jinin jariri ana yin sa ne a mako huɗu zuwa shida, daidai lokacin da mai jego ke cikin wanka, ba a son ta fita. Amma fitar arba'in ta zo kusan daidai da allurar rigakafin mako shida, wadda babu mai tuhumar uwa don ta kai ɗanta. A ranar ya dace a ɗauki ɗigon jinin. Don jawo maza kuwa, akwai tsarin makarantar mazaje da hukumar UNFPA ta soma a jihar Damagaram, in aka tsara zamanta a watannin damina da 'yan cin rani ke gida.