Waƙar Camama a Gaban Alƙali: Yadda Aka Karɓi Waƙoƙin Ibro

Masana'antar fim ta Kano ta daɗe da kasa finafinanta gida biyu: na soyayya, da "camama", wato na barkwanci masu ƙaramin jari. Jagoran gida na biyu shi ne marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro (1971–2014), mutumin Ɗanlasan a ƙaramar hukumar Warawa. Wannan laƙabi na camama ya yi wa waƙoƙin finafinansa illa, domin da zarar an ambace shi, an sallami waƙa ke nan ba tare da an saurari kiɗanta ba.

Manazarta irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi dogon bincike kan yadda waƙoƙin fim suka ari karin Indiya. Ibro ma mai aro ne, sai dai nasa aron na shaƙiyanci ne. A fim ɗin Ibro Awilo ya ɗauko salon Awilo Longomba, mawaƙin Kwango, ya aza wa baƙauye. Dariyar tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin kiɗan birni da jikin mai rawar. Hakan ba ya yiwuwa sai da kunnen da ya laƙanci kiɗan asali, kuma wannan gwaninta ce aka fi yin biris da ita.

Mai kallo a karkara, a Makoɗa ko Ɗambatta, bai jira hukuncin masana ba. Baƙauyen Ibro ba dolo ba ne. Sau da yawa shi ke yi wa ɗan birni wayo, kuma manomi ya gane haka.

Wadda ta ɗauki waƙar camama da muhimmanci, abin mamaki, hukuma ce. A Oktoban 2008, lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabantar Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Ibro wata biyu, shi da ya taɓa zama gandiroba. Tuhumar ta haɗa da rawar rashin ɗa'a a fim ɗin Ibro Aloko da rashin rajistar kamfani. Amma jama'a da dama sun ɗauka wata waƙarsa mai suna "Mamar" ce ta jawo masa, saboda sunan wani yadi ne da aka san Gwamna Ibrahim Shekarau da sanyawa. A takarda rawa aka hukunta. A bakin gari kuwa, habaici.