Ganga ta maza, ƙwarya ta mata: yadda aka raba kiɗa a ƙasar Hausa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau ya ga wani tsohon rabon aiki da idonsa, ko da bai lura ba. Masu tambari maza ne, haka masu kakaki da algaita da masu kotso. In an ji muryar mace a wannan taro, to zabiya ce take koɗa sarki, ko kuwa guɗa ce ta tashi. Abin kiɗa dai babu a hannunta.

Rabon ya samo tushe daga yadda sana'ar take. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne, ɗa yake karɓa daga ubansa, kuma yawancinsa ɗaure yake da wata sana'a ko sarauta ta maza: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, taushi da kotso na fada. Sarautun ma haka suke, Sarkin Makaɗa, Sarkin Tambura, Sarkin Taushi. Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗanƙwairo a inuwar sarakuna suka yi suna. Namijin da bai gada ba yana iya kutsawa da ƙarfin hali, kamar yadda Mamman Shata ya yi duk da mahaifinsa bai so ba. 'Yar makaɗi kuwa, ko a gindin ganga aka haife ta, ba a rataya mata ita. A dandali ma, inda 'yan mata suke da rawa da waƙa, mai kalangun da ke tsakiyar fili namiji ne.

Sai mata suka yi kiɗansu da abin da ke tsakar gida. Taɓarya da turmi suka ba da lugude, dutsen niƙa ya samu waƙoƙinsa, tafi ya ishi 'yan gaɗa. Ga shantu, dogon duma mai huda biyu da ake bugawa a cinya ana toshe bakinsa da tafin hannu, abokin hirar amarya da ƙawayenta. Sama da duka akwai ƙwarya. A kife wasu a ƙasa, a kife ɗaya a kan ruwa cikin babban mazubi, a sa 'yan sanduna, sai amon kowace ya fita daban. Ko a bori an kiyaye wannan iyaka: garaya da goge na maza a fili, kiɗan ƙwarya na mata a cikin gida.

Murya kuwa ba a taɓa ƙwace musu ita ba, har ma ta samu daraja a inda ganga ba ta da ita. Malaman jihadi sun yi rubutu mai zafi a kan kaɗe-kaɗen sarakunan Haɓe da cuɗanyar maza da mata a wurin rawa, amma a gidan Shehu Usmanu aka samu Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, tana tsara waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci. Jajinta, shugabannin matan da ake kira 'yan taru, su suke haddace su, su kai wa matan ƙauyuka ta hanyar rerawa, ba ganga ba kalangu. Wannan layi bai yanke ba. A 1983 an buga waƙoƙin Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu a Zariya cikin littafin Alƙalami a Hannun Mata. Mai rera waƙar wa'azi malama ce, ana durƙusa mata. Wadda ta ɗauki waƙa sana'ar neman kuɗi a bainar jama'a kuwa, kallon mara kamun kai ake mata, alhali makaɗi namiji iyakarsa a ce masa maroƙi.

Cikin wannan matsi amada, kiɗan ƙwarya na mata, ta fito. Uwaliya Mai Amada ta yi tashe a Kano, tana zambo da barkwanci a gidajen biki da suna, har malaman tsibbu masu yaudarar mata ba su tsira daga bakinta ba. Amma wadda ta kai ƙwarya inda ba ta taɓa zuwa ba ita ce Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa. Ita da 'yan amshinta mata, da ƙorensu, suka fita daga tsakar gida zuwa rediyo da talabijin da kaset, suka hau dandamalin da manyan makaɗa maza suke hawa.

Abin da take faɗa ya fi kiɗan nauyi. Makaɗin fada sarki yake yabo, na noma jarumin gona, na dambe ɗan dambensa. Barmani zancen ɗaki ta fito da shi fili: kishiya, haihuwa, jikin mace, miji mai rowa, da macen da ta zauna ba ta da ko sisin kanta. A waƙarta "A Kama Sana'a Mata" ta zaburar da matan kulle su nemi na kansu, ta kuma yi wa marar sana'a ba'a son ranta. Wasu sun ce bakinta ya yi kaifi da yawa, wasu sun kira abin batsa. Matan da take yi dominsu ba su ga haka ba, domin abin da suke faɗa a tsakaninsu ne in maza sun fita, ita dai ta ɗora shi a kan ƙwarya. Ta rasu a watan Maris na 2013.

Wanda yake zaton halitta ce ta raba kayan kiɗan, ya leƙa wajen maƙwabtanmu Abzinawa. Imzad, ɗan'uwan goge mai tsirkiya ɗaya, mata ne kawai suke goga shi a can. Tende, gangar da ake yi da turmi a ɗaure masa fata, ita ma ta mata ce. Jita ce ta zama ta maza, kuma ita ma Fatou Seidi Ghali ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad, daga yankin Tawa a Nijar, ta ɗauke ta ta zaga Turai da Amurka da ita. Abin da ake hana mace a Katsina shi ne adonta a Agadas.

Zuwan finafinan Hausa daga 1990 ya buɗe wa muryar mace kasuwar da ba ta taɓa samu ba, tunda waƙar soyayya ta fim sai da namiji da mace. Nan aka san su Fati Nijar, 'yar Maraɗi, da Maryam A. Baba mai Sangandale. A Nijar, Hamsu Garba, wadda ta rasu a Disamba 2022, ta ja ƙungiyarta da kanta, ta yi waƙar siyasa ba tsoro. Sai dai a leƙa situdiyo a Kano ko Kaduna a ga wanda yake zaune gaban fiyano da kwamfuta yana haɗa kiɗa: kusan ko yaushe namiji ne. Mace ta shigo, ta ɗora murya, a sallame ta. Fiyano ya gaji kalangu, rabon kuwa yana nan yadda yake.

Asarar da ta fi kusa ita ce ta kiɗan matan kansa. Na'ura ta mamaye gidajen biki, 'yan mata da yawa a birni ba su taɓa riƙe shantu ba, masu amada kuma tsufa suke yi. Waƙoƙin makaɗan fada an taskace su a rediyo, an yi digiri a kansu, na niƙa da na daka kuwa yawancinsu a bakin tsofaffi suke. Sassan Hausa na jami'o'inmu da gidajen rediyo su tura ɗalibai mata, waɗanda za a bari su wuce zaure, su naɗo su tun masu su suna da rai.