Wa Ya Fara Dafa Mole? Tarihin Baƙar Miyar Barkono da Cakulan ta Meziko

A birnin Puebla na ƙasar Meziko akwai wani tsohon ɗakin girki da aka daɗe ba a hura wuta a cikinsa ba, amma baƙi ba sa yanke masa. Yana cikin gidan zuhudun mata na Santa Rosa, wanda yanzu ya koma gidan tarihi. Bangonsa da rufinsa da murhunsa duk an lulluɓe su da tayil mai sheƙi da ake kira Talavera, aikin da maginan tukwanen Puebla suka yi suna a kai. Masu zagayawa da baƙi sukan tsaya a gaban murhun su ce a nan aka fara dafa mole.

Mole miya ce mai kauri, launinta tsakanin ja mai duhu da baƙi, wadda ake malala wa dafaffen talotalo ko kaza a barbaɗa soyayyen riɗi a kai. Kayan haɗinta kan haura 20: busasshen barkono iri uku ko huɗu, riɗi, gyaɗa, ƙwayar almon, zabibi, kirfa, kanumfari, masoro, tumatir, tafarnuwa, busasshen burodi, sannan ɗan cakulan. Ita ce abincin ɗaurin aure da baftisma da bukukuwan waliyyan coci, har ta kai idan mutumin Meziko ya ce zai je cin mole, an san biki zai je.

Labarin da ake bai wa baƙi shi ne, a ƙarni na 17 wakilin Sarkin Sifaniya ya kawo ziyara Puebla, aka ɗora wa matan Santa Rosa ciyar da shi. Wata daga cikinsu, Sor Andrea de la Asunción, ta tattara abin da ke ɗakin ajiya ta niƙa, ta dafa da talotalo, babban baƙo ya ci ya yaba. Wasu kuma suna cewa wani ɗan zuhudu ne, Fray Pascual, yana girki wa bishop Juan de Palafox, sai iska ta kaɗa ta zubar masa da kayan yaji cikin tukunya. Labarai ne masu daɗin ji, amma babu wata takarda ta wancan zamani da ta ambace su. Sun yaɗu ne a jaridun Meziko a shekarun 1920, kuma marubuci Artemio de Valle Arizpe na cikin waɗanda suka ƙawata na Santa Rosa har ya zauna a bakin jama'a. Abin da ke damuna da su shi ne sun ɗauki aikin dubban hannaye na ɗaruruwan shekaru sun miƙa wa mutum ɗaya a wuni ɗaya.

Tun kafin Basifaniye Hernán Cortés ya ci Tenochtitlan, babban birnin Aztek, da yaƙi a watan Agusta na 1521, mutanen Aztek suna da miya kala-kala da suke kira molli. Mun san haka daga aikin Bernardino de Sahagún, wani malamin coci da ya sauka ƙasar a 1529, ya koyi harshen Nahuwatil, ya zauna da dattawa da ɗalibansa 'yan ƙasa suka rubuta littattafai 12 kan rayuwar mutanen. Kundin yana ajiye a birnin Fulorens na Italiya. A ciki an lissafa abin da ake kai wa sarakuna da abin da mata ke sayarwa a kasuwa, har da talotalo da aka dafa cikin jan barkono da tumatir da niƙaƙƙun 'ya'yan kabewa. Ga tsuntsun, ga barkonon, ga dutsen niƙan da suke kira metate, ga tukunyar ƙasa. Gindin mole ya kafu tun a lokacin.

Cakulan dai babu shi a waɗannan miyoyi. A wurin Aztek koko, wato ƙwayar da ake yin cakulan da ita, abin sha ne na sarakuna da mayaƙa da manyan fatake: a niƙa shi, a dama da ruwa, a yi ta sheƙa shi daga wannan ƙwarya zuwa waccan har ya yi kumfa. Kuɗi ne kuma. Wata takardar farashin kasuwa ta 1545 daga Tlaxcala, maƙwabciyar Puebla, ta nuna ana sayen macen talotalo da ƙwayar koko 100, babban tumatir kuma da ƙwaya 1. Masaniyar tarihin abinci Sophie Coe ta yi hasashen cewa da mutanen Aztek za su ga an jefa koko cikin tukunyar nama, da ransu ya ɓaci, saboda darajar da suke ba shi. Cakulan ya shiga mole daga baya, kuma har yau ɗan rakiya ne.

Yawancin sauran kayan sun iso ne ta teku. An kafa Puebla a 1531 a kan hanyar da ta taso daga tashar jiragen ruwa ta Veracruz zuwa birnin Meziko, saboda haka kayan da suka fito daga Sifaniya kan bi ta ƙofarta: almon, zabibi, alkama, tafarnuwa, albasa, kaji, aladu. Daga 1565 zuwa 1815 kuma jiragen Manila suna ƙetare tekun Fasifik zuwa Acapulco ɗauke da siliki da tangaran da kayan yajin Asiya, kirfa da kanumfari da masoro, alfadarai su haura da su kan tsaunuka. Ta Veracruz ɗin ne kuma aka shigo da bayi 'yan Afirka, waɗanda masana suka ƙiyasta sun kai kusan 200,000 a zamanin mulkin mallaka. Da yawansu sun yi aiki a masaƙun Puebla da gidajen attajiranta, ciki har da madafa.

Akwai wani zare da ya fi jan hankalina. Sifaniyawan da suka zo Meziko sun fito ne daga ƙasar da Musulmi suka yi mulki a sassanta kusan shekara 800. Daular Garnaɗa ta faɗi ne a 1492, shekarar da Kolombus ya ƙetare teku. Girkin manyan gidajen Andalus, wato Sifaniyar Musulmi, reshe ne na girkin Bagadaza. Wanda ya duba littafin girki na Ibn Sayyar al-Warraƙ na ƙarni na 10, ko na Ibn Razin al-Tujibi ɗan Mursiya na ƙarni na 13, zai tarar da hanya ɗaya tana maimaituwa: a dafa nama, a ɗaure romonsa da niƙaƙƙen almon ko burodi, a haɗa zaƙi da tsami, a ƙamsasa da kirfa da masoro. Masaniyar tarihi Rachel Laudan ta kafa hujja da wannan a wata maƙala ta 2004, inda ta ce mole ɗan wannan zuri'a ne, barkonon Meziko ne ya shigo ya karɓi ragamar. Kafin ita, marubuci Octavio Paz, wanda ya yi jakadancin Meziko a Indiya daga 1962 zuwa 1968, ya lura da yadda mole ya yi kama da miyar kori ta Indiyawa. A ganin Laudan babu wanda ya kwaikwayi wani, kakarsu ce ɗaya: girkin daular Musulunci ya yi gabas zuwa Indiya, ya yi yamma zuwa Andalus, daga can ya hau jirgi. Ina ganin ta yi gaskiya a rabin tukunyar. Ɗaya rabin, wato sarrafa barkono, babu wanda ya koya wa matan Meziko shi.

Sai an ga yadda ake girkin ake gane haka. A Puebla barkono uku ne ginshiƙi: ancho mai faɗi da ɗan zaƙi, mulato mai duhu, da pasilla dogo siriri mai ɗan bauri, wasu kan ƙara chipotle da aka busar da hayaƙi. Babu mai zafin attarugu a cikin ukun farko, ƙamshi da launi ake nema a jikinsu. Mai girki za ta tsaga kowanne, ta zazzage 'ya'yan, ta cire jijiyoyin, sannan ta shimfiɗa shi cikin mai mai zafi. Nan take fatar za ta kumbura ta sauya launi, sai ta tsame. Idan ta yi jinkiri kaɗan ya ƙone, ɗacin zai bi tukunyar gaba ɗaya, kuma babu sukarin da zai kashe shi. Daga nan a jiƙa barkonon. Riɗi a soya shi a busasshen kasko har ya fara tsalle. Almon daban, gyaɗa daban, zabibi har ya kumbura, burodi da gurasar masara da suke kira tortiya har su yi ja, a wasu gidajen har da agada nunanniya. Kowane abu da lokacinsa, shi ya sa ba a haɗa su a kasko ɗaya. A al'adance da kitsen alade ake suyar. Wanda ba ya cinsa yana sa man gyaɗa, miyar ba ta ɓaci.

Sai niƙa, inda wahalar take. Mace za ta durƙusa gaban metate, wani dutse baƙi mai ƙafa uku da aka sassaƙa daga dutsen aman wuta, ta yi ta murza barkono da ɗan dutsen har fatar ta narke ba a jin ta a harshe. A babban biki mata da yawa ne ke jeruwa, dangi da maƙwabta, a ɗauki kwanaki. Bayan nan a ɗora babbar tukunyar ƙasa mai faɗin baki, a zuba niƙaƙƙen barkonon cikin mai ya soyu yana fantsama yana ƙara duhu, a bi shi da niƙan su riɗi da kayan ƙamshi, a riƙa tsinka shi da romon talotalon kaɗan-kaɗan. Muciya ba ta tsayawa, domin da an saki hannu ƙasan tukunya zai kama. Cakulan sai can wajen ƙarshe. A rubutattun girke-girke akan ga busasshen barkono kusan 20 ga talotalo guda, cakulan kuwa giram 40 zuwa 60 kacal, aikinsa ya kwantar da kaifin barkono ya zurfafa launi. Wanda ke tsammanin miyar alewa zai sha mamaki. Ana gane ta nuna idan mai ya taso sama yana ƙyalli, kaurinta ya kai na kunun gyaɗa mai kyau, ta kama bayan ludayi ba ta zuba. Masu girkin sun yi ittifaƙi cewa ta fi daɗi idan ta kwana.

Su wa suka yi wannan niƙa a gidajen zuhudu? Manyan gidajen zuhudun mata na wancan zamani suna da barori, 'yan asalin ƙasar da baƙaƙe da ruwa-biyu, wasunsu bayi. Ko da a ce wata mai zuhudu ce ta tsara girkin, gwiwar da ta durƙusa gaban dutse ta wata ce, kuma babu wanda ya rubuta sunanta. A nan, a ganina, aka haifi mole: inda mai sanin kirfa da almon ta haɗu da mai sanin barkono a ɗaki ɗaya, shekara da shekaru, kowace tana ɗanɗana tukunyar 'yar'uwarta.

A littafin girki na El Cocinero Mexicano, wanda aka buga a 1831, shekara 10 bayan samun 'yancin kai, mole ya riga ya zama iri-iri, kuma ba kowanne ke da cakulan ba. Duk da haka manyan ƙasar sun daɗe suna kallon abincin barkono da masara a matsayin na talakawa. A zamanin shugaban ƙasa Porfirio Díaz girkin Faransa ake kai wa teburin liyafa, har wani ɗan majalisa, Francisco Bulnes, ya rubuta a 1899 cewa cin masara ne ya hana 'yan asalin ƙasar ci gaba. Juyin juya halin da ya ɓarke a 1910 ya sauya wannan tunani. Sabuwar gwamnati da marubutanta suna son nuna Meziko a matsayin ƙasar da jinin 'yan asali da na Sifaniyawa suka gauraya, sai ga miya da ke faɗin haka a faranti ɗaya. Wannan ne ya sa labarin Sor Andrea ya samu kasuwa daidai a shekarun 1920. Ya dace da buƙatar zamanin, sai dai ya bar Afirka da Asiya da Andalus a waje, ya kuma ba mai zuhudu Basifaniya matsayin da ya fi na mai niƙa.

Yau injin niƙa ya karɓi aikin metate a yawancin wurare. Ƙauyen San Pedro Atocpan da ke kudancin birnin Meziko ya mayar da haɗa mole sana'arsa, yana sayar da shi gari ko curi, kuma tun 1977 yake shirya bikin baje kolinsa, wanda yanzu ake yi a watan Oktoba. A kantuna akwai na kwalba irin su Doña María, a tsinka da romo a ci cikin minti kaɗan. A 2010 hukumar UNESCO ta sa girkin gargajiya na Meziko cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Mafi duhun mole kuwa ba a Puebla yake ba, yana jihar Oaxaca, wadda ake furtawa Wahaka, ake kuma yi mata kirari da ƙasar mole 7. Can ake yin mole negro, wanda ake dafawa a bikin tunawa da mamata na 1 da 2 ga Nuwamba, a ajiye kwano a kan teburin da aka ƙawata wa waɗanda suka rasu. Abin da matar Puebla ke gudu, matar Oaxaca da gangan take yinsa: takan ƙona 'ya'yan barkonon da tortiya har su zama gawayi, yawanci a tsakar gida saboda hayaƙin na sa tari, sannan ta jiƙa su ta yi ta sauya ruwa har ɗacin ya fita, baƙin ya rage. Barkonon da ke ba miyar ainihin ɗanɗanonta shi ne chilhuacle baƙi, wanda ake nomawa a kwarin Cañada, wajen garin Cuicatlán. Manomansa sun ragu, cututtukan shuka sun matsa masa, farashinsa ya ninka na sauran barkono. Masu girki da yawa a Oaxaca yanzu sukan ƙona barkonon guajillo ya yi baƙi su sa a madadinsa, su adana ɗan chilhuacle da suka samu don ɗaurin aure.